Yarinyar da Ake Kira Don-Me

Yayana mai guga ne, sana'ar da ya iya ke nan tun yana saurayi. Ita ta kai shi ƙasar da ke maƙwabtaka da mu, inda ya yi shekaru yana goge zannuwan gado a wani otal. Can ya yi aure, can aka haifa masa 'ya ɗaya tal. Da matar ta rasu, aikin ma ya ƙare, sai ya tattaro yarinyar da dutsen gugarsa suka dawo, ya kama ɗaki kusa da nawa.

Kai, yarinyar nan akwai baki! Ka ce mata zauna, ta ce don me. Shi ya sa muka sa mata Don-Me. Kuma in tana magana, ido cikin ido take kallonka. Na ce, "Yaya, wannan 'yar taka sai ta tsone wa mutum ido."

Ya yi dariya. "Haka ake koya musu a can, ƙanwata. Malami ya ce duk yaron da ya sunkuyar da kai bai gane karatu ba. Ni kaina akan kira ni makarantarsu, in zauna a 'yar kujerarta, a nuna min zanen da ta yi."

Makarantar unguwarmu kuwa, yara a cushe har bakin ƙofa, bulala a kan tebur. Sati bai cika ba da sa ta a ciki, Don-Me ta kalli malami ta tambaye shi dalilin wani lissafi. Ta dawo gida da shatar bulala a ƙafafu.

Yaya, bawan Allah, ya ɗauka nan ma can ne. Ya sa rigarsa mai kari, ya shiga ajin kai tsaye, wai zai zauna su tattauna da malam. Yara suka kwashe da dariya. Shugaban makaranta ya fito da shi waje ya ce, "Malam, 'yarka ba ta da kunya, yanzu na ga inda ta samo. Ta ƙara ɗaga wa malami ido, ka nema mata wata makarantar."

Wata makarantar a ina? Ta kuɗi ce kawai ta rage, shi kuma guga yake yi.

Da bakinsa ya karya ta, abin da har yau yake ci min rai. Kullum in ta dawo, yana guga yana koya mata: "Kalli ƙasa. Ce to. A'a, ba tambaya, to kawai." Tana kuka tana cewa, "Baba, don me?" Sai ya juya mata baya, ya yi ta yayyafa wa riga ruwa. Ni ma na taya shi, wallahi, don ina tsoron a kore ta.

Ba a kore ta ba. Bulala ta daina taɓa ta, malamai har yabon natsuwarta suke. Sunan Don-Me ma ya bi ruwa, ba mai kiranta da shi.

Ƙarshen shekara ta zo ta ɗaya a ajinsu. Ta shigo, ta tsaya gefen teburin guga, ta faɗa masa a hankali, kanta a ƙasa. Yaya ya ajiye dutsen a kan rigar mutane, ya ce, "Uwata, ɗago ki dube ni mana."

Ta ce, "To, Baba."

Ba ta ɗago ba. Yana tsaye yana jira har ƙaurin rigar ya cika ɗakin.