Gwiwar da Na Yi wa Ƙarya

Shekarun baya, lokacin ƙafata na da gudu amma hankalina bai kamo ta ba, ina buga wa wani ƙaramin kulob ƙwallo a nan Suleja. A rukuni na biyu muke, amma da kwantiragi da albashi, ba wasan unguwa ba ne. Gefen dama nake bugawa. Mai kulob ɗin wani Alhaji ne da ke sayar da siminti da rodi a bakin titin Gauraka, wanda son ƙwallo ya sa ya kafa ƙungiya yana zuba mata abin da bai taɓa dawo masa ba. Rabin garin nan sun san wannan labari, har yau akwai masu tsokanata da shi, don haka ba asiri zan tona ba. So nake kawai ku ji shi daga bakin mai laifin.

A kakar da na fi tashe, wani babban kulob na kudu da ke rukunin farko ya aiko yana nemana. Ranar da kocinmu ya faɗa mini, ban san sanda na sungume shi na ɗaga sama ba, mutumin da ya yi sa'an mahaifina. Na fice daga fili da takalmin ƙwallo a ƙafa, na ɗare bayan ɗan acaba, sai da muka yi nisa ya tambaye ni ina muka nufa. Kafin magariba mai shayi ya ji, mai aski ya ji, masu faci ma sun ji. Na riga na hango kaina a talabijin, ana kiran sunana ana ambaton Suleja.

Sai dai akwai sauran shekara guda a kwantiragina, ba inda za ni sai Alhaji ya sa hannu. Ciniki kuwa ya ƙi ƙarewa. Alhaji ya kira ni shagonsa ya zaunar da ni, ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce abu uku yake nema a wajensu: su ba ni shekara biyu maimakon ɗaya, su rubuta cewa in na ji rauni su za su yi jinyata kuma albashi ba zai tsaya ba, sannan in sun sake sayar da ni gaba, kulob ɗinmu na da kaso. Ya ce suna jan ƙafa ne kawai, za su yarda, in yi haƙuri. Allah ya gani, duk wannan magana kalma ɗaya ce ta shiga kunnena, ita ce haƙuri. Lokacin sayen 'yan wasa na neman rufewa, ni kuma na sa a raina cewa haɗama ce ta kama dattijon nan, zai riƙe ni har damar ta wuce.

Ina da wani aboki mai sayar da caja da murfin waya a kasuwa, wanda babu wasan Turai da ke wuce shi a gidan kallo. Shi ya naɗa kansa ejan ɗina, wato wakilina a harkar ciniki, ba takarda ba ofis. Ya ce mini a Turai in ɗan wasa na son tafiya kulob ya riƙe shi, cewa yake ya ji rauni ya daina zuwa atisaye, su kuma da sun ga ba shi da amfani sai su sayar da shi da gaggawa.

"Mutumina, kana ci masa ƙwallo duk mako, don me zai sake ka?" in ji shi. "Kwanta a gida ka ga yadda zai neme ka da biro a hannu."

Shi ya kawo shawara, amma ni na karɓe ta da hannu biyu, ba zan ɗora masa ba. A atisayen da ya biyo baya, wani ya ɗan taɓa ni, na zube na riƙe gwiwar dama ina birgima. Na yi ihun da ni kaina na ji tausayin kaina. 'Yan wasa suka ɗauke ni cak, aka naɗe gwiwar da bandeji, aka kai ni gida.

Abin da ni da ejan ɗina ba mu saka a lissafi ba shi ne, mu a nan akwai dubiya. Ban gaya wa mahaifiyata gaskiya ba, don na san ba za ta rufa mini ba, ita kuwa ta aika wa dangi kaf. Gidanmu ya cika. Lemo da ayaba da kankana da madarar gwangwani suka taru a gefen katifata har na rasa inda zan sa ƙafa. Wata mata da ke haya a gidanmu, 'yar kudu ce, ta dafo mini farfesun ƙafar saniya, wai yana gina ƙashi. Koci ya zo da matarsa, ya dafa kaina ya yi mini addu'a irin tasu ta Kiristoci, da Hausarsa mai gargada, mahaifiyata na amsawa da amin. An sanar a masallacin unguwa. Wani dattijo da ke tafiya da sanda ya taso tun daga Sabon Wuse don ya duba ni, ya ce shekara da shekaru yana zuwa kallon wasanmu. Ni kuwa ina kwance ina yamutsa fuska ina shan lemo. Kafin in miƙe zuwa bayi sai na kalli bandejin, don in tuna ƙafar da ke ɗingishi.

Mahaifiyata ba ta tsaya nan ba, ta sa aka ɗauko mai ɗori daga Iku. Ya lalubi gwiwar, ya ce ƙashi ne ya goce, ya sa mutum biyu suka danne ni, ya ja. A duk wannan jinya, ihun da na yi a ranar shi kaɗai ne na gaskiya.

Duk da haka raina fari ƙal, don abokina na ta ce mini dabara na aiki, Alhaji na nan tafe. Ya kuwa zo, wata safiya, ya zauna a bakin katifa ya yi mini sannu. Ya ce in kwantar da hankalina, albashina ba zai tsaya ba, kuma zai kai ni Abuja a ɗauki hoton gwiwar. Abokina na tsaye a bakin ƙofa yana ƙyafta mini ido. Sai Alhaji ya ƙara da cewa shi da kansa ya buga wa mutanen kudu waya ya gaya musu halin da ake ciki.

"Ko buhun siminti ne ruwa ya taɓa, ba na sayar da shi sai na nuna wa mai saye wurin," in ji shi, "balle mutum. Sun yi godiya, sun ce za su duba wani yaron. Kai dai ka warke, ɗana, nan ma gidanka ne."

Na waiga bakin ƙofa, ejan ɗina ya ɓace, ko takalminsa babu. Ga inda na kai kaina: in na ci gaba da kwanciya, masu saye sun tafi, in na miƙe, kowa ya san ni maƙaryaci ne.

Bayan fitar Alhaji mahaifiyata ta shigo tana lallashina, tana cewa wataƙila wani sharri ne Allah ya kare ni daga gare shi a can kudun. Idonta ya yi ja don kuka. A nan na kasa. Na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi in tashi in je bakin ƙofa in dawo. Na je na dawo. Ta ce in yi tsalle, na yi. Sai da ta fara yi wa Allah godiya da ƙafar take lafiya, sannan ta sunkuya ta ɗauke kwanon farfesun da ke gabana.

"Tashi ka bi mutumin nan," ta ce. "Da ƙafarka za ka, kar in ji ka hau babur."

Na kwance bandeji na zura da gudu. Ku hango mini mutumin da aka yi wa addu'a a masallaci jiya, yau ga shi yana keta gari kamar an biyo shi. Mai shayi ya saki ludayi. Wasu suka yi ta kabbara, don sun zaci aikin mai ɗori ne ya ci, kuma na ji an ce ya daɗe yana samun kasuwa da sunana. Ni dai ban tsaya ba sai Gauraka.

Na tarar da Alhaji ana loda wa wani rodi. Ya kalli gwiwata, ya kalli gumin da nake yi. Na durƙusa na faɗi abin da na yi da dalilin da ya sa na yi. Sai da ya sallami mai rodin tsaf, sannan ya ciro waya ya buɗe muryarta yadda zan ji.

"Na gaya musu aibin da babu," ya ce. "Yanzu za su ji wanda yake akwai, kuma daga bakinka."

Haka na tsaya a tsakiyar buhunan siminti, da guntun Turancina na makarantar gwamnati, na gaya wa babban jami'in kulob ɗin da nake mafarki cewa gwiwata ƙalau take, ƙarya na yi don in matsa wa mai kulob ɗina. Ina gama magana mutumin ya fashe da dariya. Ya ce bai yi alkawarin komai ba, amma zai turo kocinsu da likitansu su kalli wasanmu na ranar Asabar.

Ban taɓa ganin filinmu ya cika kamar ranar ba. Labari ya zaga, kowa ya zo ganin majinyaci. Ina fitowa ɗumama jiki aka ɗau sowa, wasu na yi mini sannu da jiki, wasu na cewa in dawo musu da lemonsu. Koci kuwa ko kallona bai yi ba, ya ajiye ni a benci, alhali ga baƙin nan zaune kusa da Alhaji. Har aka tafi hutun rabin lokaci ina zaune ina cizon yatsa, an ci mu ɗaya. Da aka dawo ne ya yafito ni, ya ce mini in na sake na faɗi ƙasa yau, ko da karya ni aka yi, shi da kansa zai taka ni.

Ƙwallon farko da ta zo mini, na jefa ta gaba na bi ta, na bar mai tsaron bayan abokan karawarmu yana neman rigata. Na kai ƙarshen layi na yanko ta ciki, ɗan gabanmu ya sa mata kai, ta kwanta a raga. Fili ya ɗauka. Aka shiga sarana ta ko'ina, sau biyu ana kwashe mini ƙafa ina dafa ƙasa da hannu ina miƙewa, don na tuna maganar koci. Ana gab da tashi ƙwallo ta dawo mini a bakin da'ira, na lanƙwasa ta da ƙafar daman nan da na yi wa ƙarya, ta shige ta kusurwar sama, gola ko motsi bai yi ba. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar da ta tashi ba. Na ruga wajen 'yan kallo, maimakon rawar da na saba sai na tsinci kaina a durƙushe na haɗa hannuwa ina roƙonsu gafara. Suna dariya, suna zagina, suna rungumata, duk a lokaci ɗaya.

Washegari likitansu ya murɗa gwiwar ta ko'ina ya ce lafiya lau, aka koma teburin ciniki. Amma ba teburin da aka bari ba ne. Yanzu baƙin sun san na ƙagu in tafi, sun kuma san halina, sai suka ja baya. Shekara biyu ta koma ɗaya. Suka ce cikin sauran sharuɗɗa biyun Alhaji ya zaɓi guda, ko kason kulob ɗinsa, ko maganar jinyata. Ina zaune a gefe, ko tunani bai tsaya yi ba ya ce a bar masa ta jinyar. Kocinsu ya yi dariya ya ce duk cikin yaran duniya wannan ne za a rubuta wa sharaɗin rauni? Alhaji ya ce eh, shi ɗin, likitansu ya zama alƙali. Aka sa hannu. Na fito ina tsalle, murna fal cikina, kunya na biye da ita.

Na yi kaka mai kyau a kudu, suka ƙara mini kwantiragi da kansu. Abokina ma mun shirya, sai dai na sauke shi daga muƙamin ejan, ya koma kan cajarsa. Abin da na gane daga baya shi ne, na ɗauki cinikin nan a matsayin faɗa tsakanina da Alhaji, alhali a ɓangarena yake zaune, ni ne na raunana masa hannu a gaban baƙi. Ya faɗa mini gaskiya tun ranar farko, zumuɗi ne ya toshe mini kunne.

Bayan wasu shekaru kulob ɗin kudun ya sayar da ni ga wani da ya fi shi girma, da daraja mai kyau. Da ban yi abin da na yi ba, da wani kaso na wannan ciniki ya zo Suleja, a daidai lokacin da kulob ɗin Alhaji ke fama da kuɗin motar zuwa wasa. Ko sisi bai shigo hannunsa ba. Amma shi ne mutum na farko da ya kira ni ranar, yana ihu a waya kamar an ci ƙwallo, yana gaya wa mutanen shagonsa yaronsa ne, yaronsa ne. Na buɗe baki in sake ba shi haƙuri, bai ma ji ni ba saboda murna.