Ranar da Aka Ƙi Ture Shinobu

Ƙanwata Shinobu ba ta taɓa gama cin abinci a zaune ba. Tun muna yara a Amagasaki haka take, ta ci rabin shinkafarta a zaune, sauran a tsaye bakin ƙofa. Ni ce babba, ni ce mai zama. Ita kuwa ta yi aiki a masaƙa, ta yi a kantin takalma, ta yi a gidan wanki da guga. Ta auri Tanabe mai gyaran keke, mutumin kirki wanda zai yini bai ce uffan ba, ta haifa masa ɗa, suka rabu ba faɗa ba zagi. Da na tambaye ta laifinsa, cewa ta yi, "Yaya, gidan nan agogo kaɗai ke magana."

Abu ɗaya ne ba ta taɓa saki ba, kiɗan rok. Tana masaƙa wata abokiyar aikinta ta ja ta zuwa wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a Osaka, inda samari ke dukan ganga da jita kamar suna da gaba da su. Ta dawo da takalmi ƙafa ɗaya, murya a dishe, tana ta dariya. Daga ranar, duk inda aka kafa lasifika tana can.

Na taɓa ce mata, "In kallo ne, ai ga talabijin."

Ta ce, "Wa ya gaya miki kallo nake zuwa?"

Turereniya take zuwa. A gaban dandamali mutane ke cunkushewa, kafaɗa da kafaɗa, wannan ya bangaje ka, wancan ya mayar da kai, har ka rasa ƙafar wa ke ɗauke da kai. Ta ce in an matse ta ta ko'ina, abin nan da ke zillo a ƙirjinta tun tana yarinya sai ya yi shiru. Ban yi mata gardama ba. Ni ma in na durƙusa da safe gaban wurin ibadarmu na gida, na kunna turare kusa da hoton marigayi mijina, na riƙe carbi, wani abu yakan kwanta mini. Kowa da inda nasa ke kwanciya.

Furfura na fara fito mata ta rina kanta ja. Ga ta 'yar ƙarama, ga baƙar riga, ga duhu, ba mai tambayar shekarunta. Da jan kan nan ta bi wata ƙungiya da ake kira Karnukan Tasha tun suna samari kamar sillen kara, har mawaƙinsu ya yi tumbi da sanƙo.

Sai sankarar mama ta kama ta. Ta dawo gidana da zama, magani ya zubar da gashin kaf. Da ya sake tsirowa, fari fat ya fito, fatar kan kuma ta daina ɗaukar rini, likita ya hana. Jiki ya yi sauƙi, ta koma aikin rabin yini a shagon da ake sayar da shinkafa da kifi cikin ɗan akwati, amma gidan ya yi mata kaɗan. Ta buɗe firji ta rufe. Ta jera takalma ta sake jerawa. Ta goge tagar da ta goge ɗazu. Ina addu'a ina jin takunta a bayana, daga kicin zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa kicin.

Ran nan ta shigo da tikiti biyu. Karnukan Tasha za su yi wasa ranar Lahadi da rana. Ɗanta da ke Nagoya ya ce a waya bai yarda ba sai da ɗan rakiya.

Na ce, "Ni? Me na sani a ciki?"

"Ba sai kin san komai ba. Ki tsaya kawai, ai kin iya."

Na ce ta sa hula, ko don sanyi. Ta ce hula ba ta kai ƙarshen waƙar farko a ka, kuma me ta sata da za ta rufe kai?

A jirgin ƙasa ba ta bar ƙafarta ta huta ba, tana ta buga dunduniya. Muka sauka wata matsattsiyar matakala mai warin taba da tsohuwar giya, bango duk takardu manne kan takardu. Yarinyar da ke karɓar tikiti ta dubi kawunanmu, ta rusuna.

"Iya, akwai kujeru ta baya, bari in kai ku."

Shinobu ta ce, "'Yar nan, na san inda kujerun suke tun ba a haife ki ba."

Ta ja hannuna muka kutsa gaba. Ba ma kutsawa ba ce, don hanya buɗewa take da kanta. Duk wanda ya waiwayo sai ya janye ƙafa ya ɗan sunkuyar da kai. Ni na ji daɗin tarbiyyar yaran. Da na dubi fuskar Shinobu sai na ga ta haɗe gira.

Aka kashe fitila, aka buga gangar farko. Ba a kunne na ji ta ba, a haƙarƙari na ji ta, har haƙorana na roba suka motsa. Jita ta yi wani kuka kamar ana yanka kwanon rufi, ɗakin gaba ɗaya ya tashi sama ya dawo. Samari da 'yan mata suka hau faɗa wa juna, zufa na fantsama, tawul na juyawa a sama. Fitilun dandamali suka haske taron, kan ƙanwata ya ɗauki hasken fiye da komai a ɗakin.

Nan take aka yi mana fili. Wasu samari suka juya wa taron baya, suka buɗe hannuwa, suka kewaye mu kamar shinge. Cikinsu akwai wani ƙato mai koren tawul a wuya, duk bangazar da ta taho a bayansa take ƙarewa, yana cije leɓe yana yi mana murmushi. Shinobu ta matsa dama, filin ya bi ta. Ta matsa hagu, ya bi ta. Ta yi tsalle ita kaɗai a tsakiya, ba kafaɗar da ta taɓa ta. Ƙasan wurin ma ana ganinsa, da murfin kwalba da wani maɓalli da ya tsinke.

Da waƙar ta ƙare, ta sa hannu biyu ta ture ƙaton. Ko gezau bai yi ba, sai ma ya rusuna.

"Yi haƙuri, Kaka. Na taka ki ne?"

"Kakarka tana gida tana kallon talabijin. Ture ni."

"Na'am?"

"Na ce ka ture ni. Wannan ƙirjin naka na ado ne?"

Ya yi dariya yana sosa ƙeya, ya taɓo na kusa da shi. "Kai, Kaka na son ganin gaba, ku ƙara buɗa mata."

Suka ƙara buɗawa.

Mawaƙin yana shan ruwa ya hango mu. Mutumin da ta bi gari gari, wanda ta ce yakan nuna ta da yatsa in ya ga jan kanta. Ya kare ido da hannu, ya ce a lasifika, "Yau har da iyayenmu a gaba. Ku kula da su, kar in ji an taɓa su." Ɗakin ya ɗauki tafi. Bai gane ta ba.

Shinobu ta tsaya cak, hannuwa a sake. Ko a gadon asibiti yatsun ƙafarta na motsi ƙarƙashin bargo, amma a nan ba abin da ke motsi a jikinta. Tsoro ya kama ni fiye da na ranar da aka shiga da ita tiyata. Na san in muka hau matakalar nan a haka, ba za ta ƙara saukowa ba, kuma ba ta da wani wurin.

Mai ganga ya fara haɗa sandunansa yana ƙirga, za a shiga wata waƙar. Ta matso da bakinta kunnena.

"Yaya, duk ɗakin nan ba wanda ya girme ni sai ke."

Na gane. Na dubi hannunta na hagu da har yanzu yake kumbura tun bayan tiyatar, na dubi wuyanta da ya rame. Na kuma dubi taron. Masu shingen ne kaɗai ke kallonmu. Na bayansu duk dandamali suka fuskanta, kuma na lura tun ɗazu, wanda aka bangaza ta baya ba ya waiwayowa, mayarwa kawai yake yi.

Kiɗa ya ɓarke. Na sa hannu a bayanta na tura a hankali.

Ta juyo tana ihu don in ji. "Labule kike gyarawa?"

Na nannaɗe carbina a wuyan hannu, na ambaci sunan Buddha a zuci, na ja baya kaɗan, na tura ta da ƙarfin da nake tura ƙofar ɗakin ajiya in damina ta kumbura ta. Ta sunkuya ta wuce ƙarƙashin hammatar ƙaton, ta faɗa bayan wasu da ba su san ko wace ce ba. Suka mayar da ita. Wasu suka sake mayarwa. Taron ya rufe a kanta.

Ƙaton ya zaro ido zai bi ta. Na riƙe gefen rigarsa.

"Ɗan nan, ni ka tsare. Ni ina so."

Ya tsare ni kuwa, shi da abokansa, har aka tashi. Ina tsakiyarsu ina jan carbi, ina neman farin kan. Ya ɓullo can kusa da lasifika, ya nutse. Ya ɓullo ta ɗaya gefen. Sau ɗaya ya daɗe bai fito ba, har na fara tsara abin da zan gaya wa ɗanta, sai na ga hannuwa sun ɗago ta tsaye, ba wanda ya tsaya rusuna mata, aka ci gaba.

Da aka kunna fitila na same ta jingine da bango gindin matakala, riga sharkaf, leɓe a fashe, tabarau a karkace. Numfashi take da kyar. Na ciro hankici ina goge mata jinin.

"Ina ke ciwo? Hannun ne?"

Ta ture hankicin. "Yaya, wani yaro ya zage ni."

"Ya zage ki?"

"Na taka masa ƙafa. Ko kallona bai yi ba, ya ce, ke dalla matsa, makauniya ce?" Ta kama ƙarfen matakala, ta ɗaga ƙafa da kyar ta hau na farko. "Makauniya fa ya ce, Yaya."

Tana dariya tana riƙe haƙarƙari, ni kuma ina bayanta da hannu a buɗe, ko za ta zame.