Ƙwaryar da Na Mayar a Cike

Ranar da na fara shiga mota ina aji huɗu na firamare. Wata Asabar ce da hantsi, washegarin da aka jefa damin gero na ƙarshe a rumbunmu na Tambuwal, aka leƙa aka ga rumbun da ƙyar ya wuce rabi. Motar akori-kura ce mai zuwa Kebbe, irin wadda sai an tura take tashi, sai an yi addu'a take tsayawa. An ɗora ni bisa buhun gishiri, akuyar wani bawan Allah tana taunar gefen zanena, kakata Tumba kuwa ta riƙe wuyan hannuna kamar wadda aka ba ajiyar ɓarawo. Direba bai gama sa giya ba ta sunkuyo daidai kunnena ta ce, "Saratu, in munka isa, duk abin da anka miƙo miki ki shanye. In mutuwa za ki yi, ki bari sai mun komo gida."

Ba a banza ta yi wannan wasiyya ba. Ni tun da aka yaye ni cikina ya yanke hulɗa da duk abin da ya fito daga hantsar saniya. Madara ce, kindirmo ne, tsala ce, duk ɗaya: ludayi guda ya isa cikina ya kama ƙugi kamar hadarin tsakiyar damina, in wuni ina zarya tsakanin ɗaki da bayan gida. A ƙasar da ake auna lafiyar mutum da yawan furar da ya sha, wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne. Innata takan dama mini tawa daban da ruwan tsamiya, a bayan madafa, kamar mai haɗa maganin da ba a so a sani. Tumba ce ta hana a faɗa a waje. A ganinta, ɗiyar da ba ta shan nono, mutane za su ce gidansu ne ba a saba gani ba.

Gonarmu ta tudu ce, jigawa mai rairayi, wadda aka noma tun kakan kakana har ta gaji da mu. Abin da ke riƙe da ita shanun Sambo ne, wani Bafulatani da ke cin daminarsa can wajen Fakku. Da an kwashe amfani sai ya gangaro da garkensa ya kafa ruga a tsakiyar gonar, shanu su ci kara su bar mana taki, Baba ya kai masa dammunan gero, kowa ya ga shi ya ci riba. Duk tsawon rani mahaifiyarsa, Goggo Kumbo, a tsakar gidanmu take sauke ƙwaryarta kafin ta shiga gari talla. Ta sha ruwa, ta taya Inna tsince wake, su yi musun kaji da Tumba. Kuma ba ta taɓa fita ba sai ta zuba kindirmo a wata 'yar ƙwarya ta rufe da faifai, ta ce na ƙawarta ne, wato ni. A lokacin ina makaranta. Da azahar Tumba za ta jawo ƙwaryar ta dama furarta a tsanake, washegari kuma ta ba da rahoto ba ko ƙifta ido: "Ta shanye tas, har da lashe ƙwarya." Na sani, Inna ta sani, ina jin har kajin gidan sun sani. Goggo Kumbo kaɗai ce ba ta sani ba.

A waccan shekarar sai labari ya zo cewa wani Alhaji, attajirin unguwarmu, mai gona a bakin rijiya, ya aika wa Sambo kanwa da gishiri da alkawarin dammunan da rumbunmu ba zai iya ko mafarkinsu ba. Baba ya tari Sambo a kasuwar shanu, Sambo ya sunkuyar da kai ya ce sai yadda ta yiwu, wanda a harshen manya ma'anarsa ba za ta yiwu ba. Baba ya dawo ya zauna a gindin darbejiya yana gyaran fartanyar da ba ta lalace ba. Da yamma na ji yana gaya wa Inna cewa in shanu ba su zo ba, baɗi gonar ba za ta ciyar da mu ba, gara ya tafi cin rani Kurmi tun yanzu, abin da bai taɓa yi ba. Tumba tana surfe ta tsayar da taɓarya ta ce, "Maza sun gama nasu. Shanu na Sambo ne, amma inda za su kwana, mai tatsarsu ka faɗi." Ta ɗaura zanen unguwa, ta ƙulle goro da daddawa, sannan ta nemi babbar hujjarta, ƙawar Kumbo. Haka na samu kaina bisa buhun gishiri.

Ban tsorata yadda ya kamata ba, domin na yarda da bakina. A makaranta Gidan Rediyo ake ce mini. In an fita tara, sauran 'yan mata suna carafke da gaɗa, ni ina gindin katanga ina sayar da labari, a biya ni da gyaɗa ko aya. Na taɓa tsayar da rabin aji da labarin kada mai haƙorin zinari da ke zaune a tafkin da ban taɓa gani ba. Malaminmu na Hausa, mutum mai alli a gemu, yakan ce, "Saratu, miyarki da daɗi, amma ki rage gishiri." Don haka da mota ta kama hanya, itatuwa suka fara gudu da baya, gonakin mutane suna wucewa da karansu a tsaye, sai na ba kallo hankalina. Na ce a raina wadda ta ƙirƙiro kada ba za a kayar da ita da ludayi ba.

Daga Kebbe muka samu amalanke ta rage mana hanya, sauran muka ƙarasa da ƙafa. Rugar tana bayan wani kurmin kalgo: bukkoki ƙanana, maruƙa a ɗaure jere a igiya ɗaya, ƙoren Goggo Kumbo a shirye bisa gado, farare tas kamar ba a taɓa cin komai a cikinsu ba. Ita kuwa doguwa ce siririya, in tana dariya har 'yan kunnenta suna rawa. Aka yi gaisuwar da ta tambayi lafiyar kowa har da jakin maƙwabta. Sannan abin da nake jira ya iso: ƙwarya, faifai a kai, ludayi a gefe, aka dire a gabana. Na buɗe baki in fara sana'ata, sai na ji abin da ya fito kawai shi ne, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Tumba ta kai mini mintsini a cinya wanda na daɗe ina ganin shaidarsa. Amma Goggo Kumbo tafa hannu ta yi. "Kun gani? Ɗiyar Haɓe da fulako!" Ashe a wurinsu yaron da ya ƙi cin abinci a gaban manya shi ne mai tarbiyya. Don ta girmama wannan tarbiyya tawa, sai ta ja ni cikin bukkarta, ta sake ƙwarya da wadda ta fi girma, ta ja tufaniya ta rufe ƙofa, don in sha ba idon kowa.

A cikin wannan bukka na yi aikin adabi mafi sauri a rayuwata. Zubarwa dai ba ta taso ba. Ko ni na san a ruga zubar da nono da gangan daidai yake da yi wa garke baki, ga shi ƙasar rairayi ce, ba ta riƙe asiri. Sai na koma ga abin da na iya. Na shirya labarin azumin alkawari da na ɗauka don Baba. Na shirya na wata farar saniya da ta zo mini a mafarki ta roƙe ni in bar wa ɗanta. Wannan na biyun har yau ina ganin da na sayar da shi a makaranta da na ci gyaɗar mako guda. Amma da na juya su sai na ga duk ciwonsu ɗaya: suna da gobe. Labarin gindin katanga da an kaɗa ƙararrawa ya mutu. Wannan kuwa, in shanu sun zo, mai nonon za ta riƙa sallama a gidanmu kowace safiya har faɗuwar ruwa, kullum sai na ba ƙaryar abinci. In kuma na rufe ido na sha, ga akori-kura cike da baƙi tana jirana, ga rani guda na kindirmo a gaba. Ta jikin karan bukka ina jin tsofaffin nan biyu suna zagaye zancen kamar masu zagaye rijiya marar murfi. Tumba tana tuna zumuncin da, Goggo Kumbo tana cewa gaskiya ne, amma shanu ba su san zumunci ba, ruwa suka sani.

Na ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, na ture tufaniya da kafaɗa, na je na durƙusa a gabanta. Na ce, "Goggo, ba fulako ba ne. Nono ba ya zama cikina. Naki ma ban taɓa sha ba, ko sau ɗaya."

 Goggo Kumbo ta ɗaga faifai ta duba, ta mayar. Ta ce, "To, wa ka shanye na ƙawata shekara da shekaru?"

 Ƙasa na duba, sai dai ƙasar da na duba tana kusa da ƙafar Tumba. Na tabbata a ranar na kashe gonarmu da bakina, na kuma sa Baba a motar Kurmi. Amma Tumba ba macen da ake kamawa ta tsaya a kame ba ce. Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "To mi kika so in yi, in zubar? Nono irin naki? Ni nas sha, kuma wallahi da kin ƙara ludayi guda da na fi gode miki."

Goggo Kumbo ta yi dariya har ta kwanta da gefe bisa tabarma. "Tsohuwar banza! Ina ta tausayin marainiyar ƙwarya, ashe gyatuma nika kiwo!" Ta tura mata babbar ƙwaryar ta ce ta shanye nan a gabanta, yau dai da shaida. Tumba ta yi bisimilla ta kafa kai, ba ta ɗago ba sai da gindin ƙwarya ya kalli sama. Sannan Goggo Kumbo ta ƙwala wa Sambo kira daga cikin shanu, ta ce masa in za a tashi, gonar su ƙawarta za a nufa. Ya fara zancen rijiya a hankali, irin na ɗa mai ladabi. Ta ce, "Ka kora su rijiyar, ƙafa gare su. Ni tun da nika talla ba a taɓa yaba nonona kamar haka ba, a sace shi shekara da shekaru don daɗi. Gidan Alhaji wa za ya yi mini wannan?" Ni kuma ta kirɓa mini gumba da ɗan zuma, ta zauna tana kallona har na cinye, ba fulako ba komai.

Muka kamo hanyar gida, Tumba a gaba, har muka iso rumfunan Kebbe. Nan ta saya mini rake, ta miƙo ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Bakinki za ya kai ki nesa, in bai kashe ki a hanya ba." Shanu sun zo. Baba bai je Kurmi ba. Daminar da ta biyo geron gonar ya fi shi tsawo, ya riƙa shiga ciki yana ɓacewa kamar yaro. 'Yar ƙwaryar ma ba ta fasa zuwa ba, sai dai yanzu a hannun Tumba ake danƙa ta da rana tsaka, ni kuma a kwance mini kanya ko magarya daga bakin zane.

Bakin nawa ya kai ni nesa, kamar yadda aka yi masa duba. Yau da ƙirƙirar labari nake ci, na kwana a garuruwan da Tumba za ta rantse ni na ƙago sunayensu. Wani likita ya ba ciwon nawa suna mai tsawo da Turanci, cikina bai canza ra'ayi ba. Duk inda aka miƙo mini shayi da madara nakan ce ba na sha, kai tsaye, ba azumi ba farar saniya, domin tun a bukkar nan na raba wa kowa gonarsa: ƙirƙira a takarda, gaskiya a gaban ƙwarya. Gonarmu tana nan, amma takinta a buhu yake zuwa, kuma buhu ba ya tambayar lafiyar jakin maƙwabta. Garken ya daɗe da daina gangarowa. Hanyar da na bi da ƙafa ina tsinkar kalgo, yanzu sai an tambayi labarinta kafin a kama ta. Tsofaffin biyu sun riga mu gidan gaskiya, ina fata suna can suna musun kaji. Wani lokaci in na ga mai tallan nono ta sauke ƙwarya a ƙofar wani gida, nakan tsaya in ga ko za ta zuba na wata ƙawarta daban. Na ci abincin ƙasashe da yawa, amma nonon da ban sha ba shi ya fi zama a jikina.