Mutumin da Ya Naɗi Ƙarar Kekena

A zamanin soja ina ɗinki a Badarawa, a wani shago da ke bakin titi, daidai inda ƙananan bas ke tsayawa. Maƙwabcina mai faci ne, kuma mun kusa shekara ba ma ga maciji da juna, saboda ruwan da yake gwada tayoyi a ciki kullum a ƙofata yake malala.

Wata safiya wani mutum ya ɓullo, siriri, da farin kaftani tsaf, ya rataya rikoda a kafaɗa, ya ɗaure makirfo a kan sanda. Ya yi mini sallama, ya ce, "Malam, ci gaba da aikinka kawai." Sai ya kara sandar kusa da kekena. Na ɗauke ƙafa daga feda.

"Lafiya?"

"Ƙarar keken nake so."

"Ƙara ba ta sayarwa ba ce. Matsa mini."

Ya matsa, amma bai tafi ba. Ya koma wajen mai faci yana naɗar bugun ƙarfe. Haka ya riƙa zuwa, wata da watanni. Na tsane shi tun ran farko. Mutum da lafiyarsa, ba ya saye, ba ya sayarwa, sai saurare. Wasu suka ce daga gidan rediyo aka sallame shi, kansa ya taɓu. Wasu suka ce muryoyin mutane yake kai wa boka. Yawancinmu dai mun yarda ɗan farin kaya ne, domin a lokacin man fetur ya yi wuya, kowa bakinsa cike yake da zagin gwamnati.

Ranar da abin ya fashe, bayan la'asar ne. Wani direban bas ya ga sandar ta leƙo ta tagarsa, ya diro ya ci kwalar mutumin.

"Wa ya aiko ka? Yau sai ka faɗa!"

Kafin ka ce me, an kewaye shi. Ni ma na fito da almakashi a hannu, ban ma san na riƙo shi ba. Mutumin ya ce ba wanda ya aiko shi. Direba ya ce to ya kunna kowa ya ji. Ya cire kaset ɗin da ke ciki, ya zaro wani daga aljihu, ya ce wannan shi ne wanda ya gama haɗawa a gida.

Da farko bugun mai faci ne ya fito, ƙwal, ƙwal, a jere. Sai kekena ya shigo a ƙarƙashinsa da sauri. Sai muryar kwandasta mai kiran masu zuwa unguwar Kawo, "Kawo! Kawo!", tana faɗowa daidai inda ƙarfen ya tsaya. Ya yanyanka sautin ya jona, har ya zama kiɗa sosai. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta fara kaɗa kafaɗa, wani ma'aikaci da ke jiran mota da jakarsa ya hau tafi. Mai faci ya dube ni ya bushe da dariya.

"Tela, ashe kai ke yi mini amshi duk wannan lokaci!"

Na yi dariya ban shirya ba. Direban ma ya saki kwalar.

Sai kiɗan ya lafa, wata murya ta fito fes tana tsine wa masu mulki, har da fatan Allah ya kawo ƙarshensu. Muryata ce. Kowa ya gane ta. Na tuna matata da 'ya'yana uku.

"Kun ji ko?" na daka tsawa. "Munafuki! Kiɗan yaudara ne!"

"Malam, ba maganar nake so ba," in ji shi. "Yadda muryarka ta hau ta sauka ne ya yi daɗi."

Ban saurare shi ba. Na fizge rikodar, na ciro kaset ɗin, na janyo zarensa na datse da almakashi, na sake datsewa. Jama'a suka koma zaginsa, wani ya karya sandar. Tsohuwar ce kaɗai ta ce, "Haba ɗan nan, ai da ka bari mun ji ƙarshe."

Ya durƙusa ya tattara guntayen zaren ya zuba a aljihu. Ya ce, "Wata huɗu na yi a kansa." Ya tafi a ƙasa, bai ko jira mota ba.

Na yi sati biyu ina jiran a zo a kama ni. Ba wanda ya zo. Bayan shekaru na gan shi a Rafin Guza yana fitowa daga masallaci, ya tsufa, hannunsa ba komai. Ya gane ni, ya tsaya yana kallona. Na buɗe baki zan gaishe shi, ya sa takalmansa ya tsallaka titi.