Rabin Soson da Na Kai Rogo

Jama'a, abin da zan ba ku ba a majalisa na tsinto shi ba, ni ya faru da ni, da rana tsaka, idona biyu, Allah ne shaidata. Shekarun baya ne, lokacin da na dawo gida Ƙaraye daga Kano da sana'ar da aka yi ta yi mini dariya a kanta, wato haɗa akwatin kifi na gilashi, irin wanda ake ajiyewa a falo don kallo. Abokaina suna cewa ga dam a bayan gari, kifi har ya yi wa mutane yawa, wai ni kuma na zo koya musu kiwon wanda ba a ci. Na ce su yi ta yi. Ni dai na san duk faɗin Ƙaraye da Rogo babu mai hannu irin nawa a wannan aiki, kuma kifin mutum bai taɓa mutuwa a hannuna ba. Ba cika baki ba ne, a je a tambaya.

Bari in ɗan yi bayani don ku gane. A cikin akwatin akwai filta, wato wani soso da ake nutsarwa a ruwa, da siririn tiyo da ya haɗa shi da ɗan injin iska a waje. Injin na hura iska, kumfa na tashi daga soson, ruwa na ratsa shi yana tacewa. To sirrin yana cikin dattin nan da ke maƙale a soson, don akwai wasu ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ne ke cinye gubar kashin kifi. Shi ya sa ba a wanke shi da sabulu, ba a shanya shi. Ruwan akwatin ake ɗiba a roba, a matse shi a ciki a hankali, a mayar da shi da sauran dattinsa.

Cikin waɗanda na haɗa wa akwati akwai wani dattijo a Rogo, tsohon malamin gona, kowa Baba yake ce masa. Mutum ne mai son abin da ke da rai, sau ɗaya na nuna masa wankin soso ya kama, daga nan da kansa yake yi, ba ya barin kowa ya taɓa. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, baki ya daina magana, aka mayar masa da akwatin ɗakinsa daidai inda idonsa ke sauka. Kuma ya ɗauko wata ɗabi'a, ba ya buɗe baki ya karɓi abinci sai ya ga an watsa wa kifayen nasu sun ci.

Ana gab da babbar sallah, cikin tsananin zafi, sai matarsa Hajiya ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ɗan nan, ka taimaka ka zo, kifayen Baba sun daina cin abinci suna mutuwa, shi ma ya rufe baki tun shekaranjiya."

Na ce, "Subhanallahi. Hajiya, an taɓa soson nan na ciki?"

Ta ce, "Ai ni na wanke shi. Sallah ta matso, ga 'yan dubiya ga baƙi, abu ya yi baƙi ƙirin a ɗakin mara lafiya. Na sa masa omo na wanke tas, na ɗauraye da ruwan zafi, na shanya a igiya."

Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ku nuna mini macen kirki a ƙasar nan da za ta yi sharar sallah, ta wanke labule da randa, ta bar soso mai datti a gaban baƙi. Amma an kashe halittun nan, kuma ba a sayen su a kasuwa. Sai na je akwatina na gida, na ciro sosona da ya shekara yana aiki, na sa reza na raba shi biyu, na mayar da rabi, ɗaya rabin na nutsar da shi a bokiti mai murfi da ruwan akwatin, na ɗaure a bayan babur na kama hanyar Rogo.

Na isa bayan azahar. Ruwan ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa, kifayen da suka rage sun taru a sama suna buɗe baki, Baba kuwa ya rame, idonsa a kansu, ga koko ya huce a gefen gado. Na gaishe shi, na rage ruwan, na ƙara wanda ya kwana a randa, na haɗa rabin sosona da tiyon, na jona inji, kumfa ta fara tashi. Wallahi ko hannu ban goge ba aka ɗauke wuta.

Na san in iska ta tsaya a wannan zafin, da kifayen da halittun da na ɗauko duk za su tafi, kuma kun san wanda zai bi bayansu. Janaretan gidan ya lalace, Hajiya ta ja mayafi ta fita neman aro a maƙwabta. Ni kuma na zare filogin injin na ajiye a kan tabarma, kada wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone shi, na ɗauki kofi ina ɗibar ruwan ina kwararo shi daga sama don ya sha iska. Ina yi ina yi, har kafaɗata ta fara mutuwa, na tsaya in sauya hannu.

Sai na ji ɓul-ɓul-ɓul.

Na duba, kumfa ce ke tashi daga soson. Na ɗaga kai, fanka a tsaye. Na sunkuya, ga filogi kwance kusa da ƙafata, na dafa injin, shiru yake ba ya motsi. Na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Kuma kumfar ba a jere take ba irin ta inji, takan taso ta tsaya, ta taso ta tsaya. Da na waiwaya sai na ga Baba ya rufe ido, gumi na keto masa, ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙyar. Duk sanda ya saki numfashi, kumfa ta taso. Ya yi ɗan tari, kumfar ta watse lokaci guda. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, tsakaninsa da tiyon nan akwai faɗin ɗaki.

Ƙafata ta so ƙofa, ba zan ɓoye muku ba. Amma ban gudu ba, kuma har gobe ina alfahari da wannan. Abin da na gani shi ne tsoho mara lafiya, bai ci ba bai sha ba, yana wani aiki da zai iya ƙarasa shi. Na ce, "Baba, ka sassauta, ina nan, ai aikina ne." Na koma kan kofina da dukkan ƙarfina, kuma ina ƙara sauri ina jin numfashinsa na daidaita. Haka muka yi ta yi ni da shi har aka kira la'asar, sai fanka ta motsa. Na jona filogi, inji ya ɗauka.

Baba ya buɗe ido, ya dubi kifayen da suka fara sauka ƙasa, ya dube ni. Daidai nan Hajiya ta ɗaga labule, ba ta samo janareta ba. Da karkataccen bakinsa, mutumin da tun kwanciyarsa ba a ji kalma daga gare shi ba, ya ce, "Ka iya aikinka."

Hajiya ta zauna a ƙasa tana kuka tana hamdala. Washegari kifayen suka ci, shi ma ya sha kokonsa. Ni kuwa duk yabon da aka taɓa yi mini a duniya, babu wanda ya kai wannan. Ban gaya wa Hajiya abin da na gani ba.

Baba ya ƙara ganin wata sallar da lafiyarsa daidai gwargwado. Wata rana da hantsi ina zaune a gida, ga wuta, injina na kuka, tiyo bai toshe ba, sai kumfar da ke tashi daga rabin soson da ya rage a akwatina ta tsaya cak. Ina duba shi wayata ta yi ƙara, na ga sunan Hajiya, tun kafin in ɗauka na fara salati. Sai da na dawo daga jana'izar Baba na tarar kumfar ta ci gaba da tashi.

Kifayen suna nan a Rogo, ni nake zuwa in wanke musu filta, kuma ko ɗaya bai sake mutuwa ba. Na tambayi malamai, sun ce in bar wa Allah saninsa, na bari. Ku dai masu akwati, don Allah ku raba soson nan da omo, ku wanke shi da ruwan da yake rayuwa a ciki. Ni har yau in zan matse na Rogo, sai na yi bisimilla, kuma a hankali nake matsawa, don ban san numfashin wa ke ciki ba.