Bayaraben da bai san wasa ba

Ni ɗan kabu-kabu ne a Sabon Birni, kuma na daɗe kan babur har bayana ya fara kai ƙarata. Boko ban yi nisa ba. Ina karanta allon hanya, ina rubuta abin da ke raina a hankali, shi ke nan. Turancin da ke bakina na tasha ne, irin wanda ake ba ɗan sanda haƙuri da shi. Amma akwai shekarar da Turanci ya shigo mini gida da ƙarfinsa, ta bakin ɗiyata babba.

Lokacin tana ajin ƙarshe na sakandare, ranta duk yana ga karatun ungozoma. Ko'ina tana ƙoƙari, ban da Turanci. Ba laifinta ba ne. Makarantarsu ta daɗe ba ta da tsayayyen malamin Turanci. A turo mutum, ya kwana biyu, ya ji labarin hanyar Isa da abin da ke cikin daji, sai a wayi gari ya tsere. Kuma an ce wanda bai ci Turanci ba a jarrabawar fita, ko ya cinye sauran duka, takardarsa ta ƙunshin ƙosai ce.

Sai Allah ya kawo musu wani ɗan bautar ƙasa daga kudu. Yaron ya iya aikinsa. Ya fara musu da karin maganar Turawa, don ya ce suna fitowa a jarrabawa. Kullum bayan la'asar, lokacin da nake dawowa in sha fura in miƙe baya, sai in iske ɗiyata tsakar gida tana haddarsu da ƙarfi kamar mai tilawa. Ba ni iya rubuta su da Turanci. Yadda ta juya mini su haka za ni faɗe su.

"Baba, in Bature ya ce sama na zubo kyanwoyi da karnuka, mi yake nufi?"

"Yana nufin a tashi daga garin."

"A'a, Baba! Ruwan sama ne mai yawa."

"To ya ce kamar da bakin ƙwarya mana. Mi ya kai kare sama?"

Ta ce in sun ce wane ya zubar da wake, to ya tona asiri ke nan. Uwarta na bakin murhu ta ce ita ma duk wanda ya zubar mata da wake a wagga tsadar, sai ta tona mishi asiri. Ni kuwa na ce namu ya fi, mu da muke cewa ya fasa ƙwai. Wake ai ana duƙawa a tsince. Ƙwai in ya fashe, je ka tsince shi in gani.

Abin da ya fi ba ni haushi da karin maganarsu, ba su da wutsiya. Namu in ka ce tsugune ba ta ƙare ba, ko wa ke kusa zai ƙarasa maka: an sai da kare an sayi biri. Nasu sai a jefo maka kai a bar ka riƙe da shi. Na faɗa wa ɗiyata haka, ta ce masu jarrabawa ba ruwansu da ra'ayina.

Wata rana ta zo da wani karin maganar da na ce yana da hankali. Fasa ƙanƙara. Ta ce in baƙi biyu sunka zauna kowa ya yi tsit yana jin nauyin kowa, wanda ya fara jefa maganar da ta saki jikin mutane, shi ya fasa ƙanƙara. Daga nan sai muryarta ta yi ƙasa. Ta ce shi kansa malamin nasu tun da ya zo ba wanda ya fasa mishi tasa. Daga aji sai ɗaki. In ya shiga kasuwa da yatsa yake ciniki. Uwarsa na kiran waya safe da yamma tana cewa ya dawo gida.

"Ina tsoro, Baba. In ya tafi, ni da ungozoma sai a mafarki."

"Ɗan ina ne?"

"Bayarabe ne."

Na aje ludayi. "Bayarabe? Tun yaushe kika sani kika bar ni ina zaune?"

Ga wanda bai sani ba, mu Gobirawa da Yarabawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Bagobiri ya ga Bayarabe ya wuce shi da sallama kawai, ya ci mutuncinsa. Sai ka tare shi, ka kira shi bawanka, ka kushe miyarsu, shi kuma ya kushe tsagar fuskarka ya ce ubansa ya sayi ubanka. Ba mai fushi. Akwai wani tsohon bakanike Bayarabe a Isa, shekara da shekaru ban taɓa kai mishi babur ba tare da mun zagi juna ba, kuma ranar da ya rasu ban iya fita aiki ba. Don haka na ce wa ɗiyata ta kwantar da hankalinta. Ƙanƙarar malaminta a hannuna take.

Ranar kasuwa na hango shi wurin masu tattasai, da farar rigarsu ta bautar ƙasa da 'yar hularsu mai baki. Siriri, da tabarau. Na kafe babur, na yafito abokan aikina na bakin tasha, duk Gobirawa. Na zagaya ta bayansa na cire hular na ɗora a kaina.

"Jama'a, ku zo ku gani! Bawana da ya ɓace ya dawo!"

Nan take anka kewaye shi. Wani ya taɓa dantsensa ya ce wanga bai iya noma, sai dai a ba shi kiwon kaji. Wani ya ce a duba haƙoransa tukuna. Mai tattasai ya ce shi ya riga kowa taya shi. Da munka ga bai rama ba, munka ce ƙila Hausa ce bai ji, sai wani cikinmu da ya taɓa zama Legas ya juya mishi da Turancin tasha: kai bawa ne, yau za mu sai da kai Nijar.

Yaron ya dubi fuskata, ya dubi tsagar, ya dubi sauran. Ya saki ledar tattasai. Ban taɓa ganin mai tabarau ya yi gudu haka ba. Munka bi shi da shewa, har muna cewa lalle wanga ya iya wasa, dubi yadda ya yi kamar da gaske.

Na koma gida da hula a kai ina jin na yi aikin lada.

Washegari da azahar ɗiyata ta shigo ko sallama ba ta yi ba. Ta ce malaminsu bai shiga aji ba. Ya kulle kansa a ɗaki, ya ɗaure kaya, ya riga ya kama kujerar gaba a motar farko mai zuwa Sakkwato da safe. Zai je ya roƙi a mai da shi kudu, don an yi cinikinsa a bainar jama'a, kuma shugaban masu cinikin wani ne mai zane a fuska. Tana faɗa tana kallon hular da ke rataye a ƙusa.

Uwarta ta ce mini, "Maigida, an ce ka fasa ƙanƙara, kai ka fasa randa."

Na ce ni ban ga abin da na yi ba, kuma har yau da nake rubutun nan ban gani ba. Iyayen da za su tura ɗa ƙasar Gobir ba su faɗa mishi ko shi wane ne a wurinmu ba, su ya kamata a tambaya. Amma ɗiyata ta zauna bakin ƙofa ta haɗa kai da gwiwa, ba ta kuka, kuma wannan ya fi mini kukan ciwo. Na ɗauki hular na ce ta hau babur.

Ɗakinsa na bayan makaranta. Bai buɗe ƙofa ba. Ta taga munka yi magana, shi ciki mu waje, ɗiyata na tafinta. Na miƙa hular, ya karɓa da yatsa biyu. Na yi mishi bayanin wasa tun daga tushe. Ya saurara, ya ce a garinsu bai taɓa jin wannan ba, shi a birni ya tashi. Ya tambayi ɗiyata wani abu, ta juyo.

"Ya ce wai kana nufin jan ƙafarsa kake yi? Haka suke cewa in ana zolayar mutum."

"Ce mishi ƙafarsa ko taɓa ta ban yi ba, amma in zolaya yake nufi, ita ce."

Ya girgiza kai. Ya ce zolaya ba a yinta da mutum goma a kan mutum ɗaya, kuma ba a ambatar Nijar. Na ga dai bakina ba zai fid da ni ba. Na ce, "Malam, ba ka da tsoho a gida? Kira shi."

Ya kira uwarsa. Ita ma ba ta sani ba, sai ƙara ɗaga murya take, ko ba tafinta na san cewa take ya taho. Can sai wata murya ta tsofaffi ta shigo daga nesa tana tambaya. Kakarsa ce. Na ji kalmar Gobir ta fito cikin Yarabancin, sai tsohuwa ta kwashe da wata irin dariya har da tari. Ta ce a buɗe wayar kowa ya ji. Ashe ta yi zaman Ƙauran Namoda tana sai da kwanuka tun jirgin ƙasa na zuwa. Hausa a bakinta kamar ruwa.

"Kai Bagobiri! Wa ya kwance ka daga turke?"

Wallahi sai na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na matsa jikin taga. "Iya, ashe kina nan? Mu mun ɗauka manja ya shaƙe ki tuntuni."

"Manja ya fi miyar kukarku mai kama da ruwan kwata. Fuskar taka fa? Har yanzu kamar inda kaji sunka yi tono?"

"Tsagar sarauta ce, Iya. Ku da kunka ara ba ku iya ba, kunka yi ta a karkace."

"Rufe mini baki! Kakana ya sayi kakanka da ƙwaryar goro, kuma an cuce shi. Yanzu har ka yi ƙarfin da za ka taya ubangidanka a kasuwa?"

Munka yi ta yi. Ɗiyata ta daina tafinta don dariya ta hana ta. Yaron na tsaye riƙe da waya, yana duban ta yana duban ni, baki buɗe, kamar bai taɓa sanin tsohuwar ba. Da ta gaji da ni ta koma kansa da Yarabanci, ta daɗe tana yi, yana ta cewa to, to. Kafin ta kashe ta sake kirana.

"Kai bawa. Na bar maka shi. In ya rame, kai za ni kama."

"Iya, ai ramamme kunka aiko shi."

Ya buɗe ƙofa. Bai ce mu shiga ba, amma ya fito ya ba ni hannu, hannun har yanzu da sanyi. Ya ce wa ɗiyata akwai wani karin maganar da bai kai ga koya musu ba: in mutane sunka sasanta, sai a ce sun binne gatari. Na ce ta faɗa mishi ni na yarda da sulhu, amma gatari ba za a binne shi ba, ya ba ni in kai gida, akwai kututturen da ya dame ni a gona. Karo na farko ke nan da na ga haƙoransa. Na tambaye shi zancen tafiya. Ya ce zai yi tunani. Ɗiyata ta so ta roƙe shi, na ja ta munka tafi. Roƙo ba ya tsai da mai tsoro.

Da safe ina bakin tasha tun kafin mai shayi ya hura wuta. Motar Sakkwato ta cika, saura kujerar gaba. Direba ya yi ta danna ham, fasinja na ta mita rana na yi. Ni dai ina zaune kan babur ina kallon hanyar makaranta, kuma na ƙi ɗaukar kowa, har wata mata mai zuwa Kurawa ta ce ko na zama ɗan kallo ne. Da direban ya gaji ya kira shi a waya. Na ga ya saurara, ya ɓata rai, ya kashe.

"Wai yana aji. Wai in yi haƙuri." Ya juyo kaina, don labari ya riga ya zaga tasha. "Kai ne ko? Shekaranjiya ka kore shi, yau ka hana shi tafiya. Kai wai mi kake so?"

"So nake ka ja motarka ka ba mu wuri."

Ya ba wani mai kaji kujerar, ya fita tasha yana zagina ta taga. Malamin ya zauna da mu har ƙarshen hidimarsa, direban kuwa har yau in ya gan ni sai ya ce na hana shi ɗaukar mutum mai tsabta, na haɗa shi da kashin kaji har Sakkwato.