Kujerar Bayan Motar Surukina

A cikin duk abin da na ɗinka a rayuwata, daga rigunan yara har zuwa kayan amare, akwai aiki guda da ba zan manta da shi ba har ranar da zan koma ga Mahaliccina. Ba ma tufafi ba ne, kujerar mota ce.

Lokacin ban fi shekara biyu da aure ba. Muna zaune a Kontagora, a gidan iyayen maigidana, tun ba a yi jihar Neja ba. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗauko doya da dawa daga Beri da ƙauyukan wajen Zugurma, wani lokacin sai ya yi kwana huɗu ba mu gan shi ba. Ni kuwa ina gida da keken ɗinkina, ina yi wa matan unguwa ɗinki, ina kuma kula da tsofaffin nan biyu.

Surukina, wanda duk muke kira Baba, shi ma tsohon direba ne. Ya yi shekaru yana tuƙa wani Bature tun kafin a sami 'yancin kai, da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa motar. Wata 'yar baƙar mota ce mai dunƙulallen baya, irin wadda ko a wancan zamanin an daina ganin irinta a hanya. Daga baya ciwon ido ya kama Baba, ganinsa ya yi ta raguwa har ya tafi gaba ɗaya. Aka tura motar ƙarƙashin wata rumfar kwano a gefen tsakar gida, inda aka taɓa fasa katanga aka yi mata ƙofa, ta zauna nan. Da aka kawo ni gidan na tarar kaji suna ƙwai a cikinta. Ɓeraye sun cinye kujerun, wayoyin ciki duk sun leƙo waje, yadin rufin ya zazzago kamar tsohon gidan sauro.

Inna kuma, wato uwar maigidana, 'yar Auna ce, Bakambara, har ta tsufa harshenta bai saki Kambarci ba. Ta taɓa zamewa a bakin rijiya ta karye a ƙugu, ɗorin bai kama daidai ba. Tun daga nan ba ta iya zama na tsawon lokaci, kwanciya ma sai ta gefen dama, ta naɗe ƙafa. Amma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Wata safiya bayan ruwan damina ya fara janyewa, ina shara, sai na ji Baba ya yi gyaran murya daga bakin rumfar.

"'Yar nan, kina da aiki da yawa a keken nan?"

Na durƙusa daga nesa na ce, "Babu yawa, Baba."

"To, ina so mu gyara cikin motar nan. Ni da ke."

Ku tuna fa suruki ne. Tun da aka kawo ni, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, ita ma kaina a ƙasa. Ko abinci ba na ci a inda yake. Sai kawai na ce to. A raina kuwa na ce, tsufa ne ya zo wa bawan Allahn nan da rigima. Da maigidana ya dawo ya ji labari, bai ɓoye nasa ba.

"Baba, motar nan ta mutu. Ko an gyara ta, wa zai tuƙa?"

"Kai ba direba ba ne? Me ke hannunka, tabarya?" in ji Baba. "Zancen injin ba ruwanka, abokina bakanike zai zo ya duba. Kai dai ka samo mini buhunan algarara masu kyau guda shida da za mu shimfiɗa a cikin kujerun."

Haka muka fara. Kullum bayan an karya kumallo sai in shimfiɗa masa buzu a bakin rumfar, in zauna can gefe. Shi da kansa ya kwance kujerun. Ina kallo ya zura hannu ƙarƙashi, ya lalubo noti, ya ce in miƙo masa sifana mai lamba kaza, kuma in na miƙa sai ta shiga cif. Ya fito da wayoyin nan masu lanƙwasa da ke sa kujera ta yi laushi, ɗaya bayan ɗaya. Kowace sai ya matsa ta a tafin hannu ya sake, ya kai kunne. Wadda ta gaji ya ajiye ta hagu, mai sauran ƙarfi dama. Muka kankare musu tsatsa da yashi da kananzir har fatar yatsuna ta yi ta saɓa.

Ban taɓa ganin mutumin da ya san abu kamar yadda Baba ya san motar nan ba. Katakon gaban direba ya yi fari fat saboda rana. Ya sa na samo masa ganyen baure mai kaushi, ya yi kwana uku yana goga shi a hankali, sannan ya bi da kakin zuma. Sai ga jijiyoyin katakon sun fito, ja-ja, suna sheƙi. Na ce, "Baba, ka ga yadda ya yi kyau kuwa?" Kafin in rufe baki na gane abin da na faɗa, kunya ta rufe ni. Shi kuwa dariya ya yi.

"Na gani mana. Da nan nake gani," ya ɗaga yatsunsa.

Fata kuma shi ya zaɓo. Ya sa maigidana ya riƙe masa sanda har wurin dukawa a kasuwa, ya yi ta shafa fatu yana shinshinawa, ya ƙi wannan ya ƙi waccan, har ya sami jar fata mai laushi da ta kwanta masa. Abin cusawa kuwa audugar rimi ce, muka baje ta a rana muka tsince ƙwayoyinta tas. Kekena ba ya iya huda fata, don haka da hannu na yi ɗinkin, da basilla da zare mai kauri da Baba ya koya mini in riƙa ja a cikin kaki. Maƙwabta suka riƙa leƙowa. Wasu su yi sannu, wasu su fita suna ƙunshe dariya, wai makaho na gyaran mota. Inna tana kwance a ƙofar ɗakinta tana jin mu, wani lokaci ta ce, "Malam, ka bar yarinyar nan ta huta mana." Ya ce, "Yanzu za mu tashi." Ba ma tashi.

Kujerun gaba ba su ba mu wahala ba. Rigimar a ta baya take.

Na yi kwana biyar ina ɗinka rigar kujerar baya. Na haɗa fata biyu, ɗinkin ya bi ta tsakiya, miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiya. Ni kaina na san na yi aiki. Baba ya shafa daga wannan gefe zuwa wancan, ya tsaya a kan ɗinkin, ya ce, "Farke shi. Ki matsar da shi wajen ƙofa."

Na farke. Na sake yanka, na sake haɗawa, kwana uku. Ya shafa, ya auna da taƙi, ya ce, "Bai kai ba. Kuma audugar nan ta yi tauri a tsakiya. A rage, a ƙara ta wajen kai."

Na sake. Yatsuna duk sun huje, na ɗaure biyu da tsumma. Ɗinkin mutane ya taru a ɗaki, wata mata har ta aiko a karɓe mata yadinta. A karo na uku da ya shafa hannunsa ya tsaya, na san abin da zai faɗa. Ai kuwa ya ce akwai ƙulli a ƙarshen ɗinkin, yana jin sa.

Ranar kunyar surukuta ta kau. Hawaye na zuba, na ji bakina yana cewa, "Baba, don Allah wa zai ga ƙullin nan? A ƙasa yake. Ko Baturen da ya ƙera ta bai yi mata wannan ba."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya yi ta murza bakin fatar. Sannan ya karkata kai wajen ɗakin Inna, ya saurara, ya tabbata tana barci, ya rage murya.

"Ɗora kujerar a mazauninta. Shiga ki kwanta a kai."

Na tsaya ina kallonsa.

"Kwanta ta gefen dama, kanki wajen waccan ƙofar. Ki naɗe ƙafa yadda innarku ke yi."

Na shiga na kwanta. Da farko ban ji komai ba. Da na saki jiki sai na ji shi, ɗan ƙullin nan, kamar ƙwayar gero, daidai kan ƙashin ƙuguna.

"Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"To ke lafiyarki ƙalau, kuma mota a tsaye take. Ki ƙaddara ƙashin a karye yake, ana tafiya kan gargadar hanyar Auna."

Na tashi zaune. Ya ce yayar Inna, wadda su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, ta aiko sau biyu daga Auna cewa ƙarfinta ya ƙare, tana so su gana. Inna ta ce wa ɗan aiken a gaishe ta kawai, don ta san ba za ta iya zaman bencin babbar mota ba. Ba ta faɗa wa kowa ba. Amma shi yana jin ta da rana, in ta zaci ba kowa kusa, tana 'yan waƙoƙinsu na Kambarci tana jan hanci.

"Daga can na ɗauko ta tana yarinya," in ji shi. "Ban taɓa hana ta zuwa gida ba. Ba zan so a ce ciwo ya hana ta ina raye ba." Ya ƙara rage murya. "Kada ki faɗa mata. In abin bai yiwu ba, kada mu sa mata rai a banza."

Sai a lokacin na gane taƙin da yake ta aunawa. Tsawon Inna yake aunawa, daga kafaɗa zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa gwiwa. Ya haddace shi a hannu.

Ban jira ya sake cewa in farke ba. A wannan karon na juya ɗinkin ciki, na binne kowane ƙulli a cikin audugar, na riƙa kwanciya da kaina ina gwadawa kafin in kai masa. Muka yi wa wajen ƙugu ɗan kwari, muka tayar da wajen kai. Ya sa na ɗinka wani dogon matashi da zai tokare ta ta gaba don kada birki ya mirgino da ita. Muka shafe fatar da man kaɗanya har ta yi laushi kamar tafin jariri, muka ja sabon farin yadi a rufi, na yi wa tagogin baya labule saboda rana. Ranar da ya shafa kujerar tun daga farko har ƙarshe bai tsaya ko'ina ba, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Ban taɓa jin daɗin yabo irin na ranar ba.

Abokinsa bakanike kuwa ya yi ta fama da injin, har wata ranar Laraba motar ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Kaji suka watse. Maigidana da ya ce ta mutu, shi ya fi kowa washe baki.

Bayan kwana biyu, da hantsi, aka ɗauko Inna a kan tabarma aka kawo ta bakin mota. Ta leƙa ciki, ta ga matashin, ta ga labulen, ta ga ƙullin kayanta da na riga na haɗa a ɓoye. Ta juya ta dubi mijinta.

"Malam, ina za mu?"

"Mota ce ta daɗe ba ta motsa ba," in ji Baba, yana gyara rawani. "Ana so a gwada ta a doguwar hanya. Na ce to, a bi ta Auna."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

Maigidana ya tuƙa, Baba na gefensa, ni ina zaune a ƙasa wajen ƙafafun Inna. Duk tafiyar Baba bai huta ba. "Rage wuta, akwai kwalbati a gaba." "Bi ta hagu, nan wajen yashi ne." Hanyar da ya yi shekaru bai bi ba, yana karanta ta da kunne da jiki, kuma sau da yawa yana daidai. Can ya juyo ya ce a hankali, "Yaya take?"

Na ce, "Baba, ta yi barci."

Ya gyaɗa kai ya juya gaba. Na ga ya kai bakin rawaninsa ido.

Muka isa Auna bayan azahar. Aka fito da yayar Inna, an rirriƙe ta, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa. Ba ta jira a sauko da ƙanwarta ba, ta sa aka tura ta cikin motar, suka rungume juna a kan kujerar nan suna kuka suna magana da Kambarci, ba mai jin wani. Mutanen gidan duk suka kewaye mu. Na nemi Baba ban gan shi ba, sai can na hango shi a bayan mota ya tsuguna, wai yana taɓa taya ya ji ko ta yi zafi.

Inna ta yi mako uku a Auna. Yayarta ta rasu kafin damina ta zagayo, amma sun gana, sun yi hira har sun gaji.

Na yi shekaru a gidan nan ban taɓa jin Baba ya faɗa wa Inna wata kalma mai daɗi a gaban mutane ba. Ko sunanta ba ya kira. Da ban kwanta a kujerar nan ba, da har yau ina ɗaukarsa tsoho mai fitina da son tsohuwar mota. Abin da na koya shi ne, kada in yi saurin yanke wa mutum hukunci don ya matsa a kan ƙaramin abu, domin wataƙila akwai wanda yake tausaya wa da ban sani ba. Na kuma koyi cewa aiki ba don idon mai kallo ake kyautata shi ba, don jikin wanda zai more shi ne. Allah ya jiƙan Baba da Inna, ya sa sun huta.